Kwanciyar Jariri a Gadon Mahaifiyarsa: Al'ada da Kiyaye Rai a Ƙasar Mashi

A ƙasar Hausa ba a tambayar inda jariri zai kwana. Tun daga daren da aka haife shi har ranar da aka kai shi yaye, makwancinsa sananne ne, watau jikin mahaifiyarsa. Haka abin yake a Mashi, garin Iyan Katsina, wanda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, haka kuma yake a ƙauyukan da ke arewa da garin har zuwa iyakar Nijar. Matar da ta shimfiɗe ɗan kwana goma a wani ɗaki, ta ja ƙofa ta tafi nata ɗakin, ba za a ce ta waye ba, sai dai a ce a binciki hankalinta. To, amma a 'yan shekarun nan ɗalibai da ma'aikata suna karanta shawarwarin likitocin Turai da Amurka, inda ake cewa kwana gado ɗaya da jariri yana iya zama sanadin ajalinsa. Sai magidanci ya rasa wadda zai kama, maganar likita ko ta tsohuwarsa. Wannan maƙala za ta duba abin da likitocin suka gano, sa'an nan ta auna shi da ɗakin Bahaushiya kamar yadda yake a yau, domin shawarar da aka yanka wa ɗakin wasu ba lalle ta zauna daidai a wannan ɗaki ba sai an gwada.

Da farko dai, haɗarin ba sabon abu ba ne ga mutane. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar mai barci da ya juya ya danne wani har ya mutu, suka sanya ta a babin kisan kuskure. A Littafin Sarakuna na Baibul, shari'ar nan ta mata biyu da jariri ɗaya a gaban Sulaimanu ta taso ne daga uwar da ta kwanta a kan ɗanta da dare. Bahaushe ma yana da kalmar, yakan ce "ta danne shi", har yana da sunan abin da ke danne babba cikin barci, watau dannau. Sai dai ba a cika faɗin kalmar a fili ba idan abin ya faru. Jaririn da aka kwanta da shi lafiya aka wayi gari babu rai, akan yi masa sutura kafin azahar, wasu su ce iska ce, wasu su ce maita, mafi yawa su ce kwana ya ƙare. Ba wanda zai tsaya tambayar uwar da ke kuka yadda ta shimfiɗe shi, kuma wannan kara ce mai kyau. Illarta ita ce, abin da ya ci wannan yaro yana nan a ɗakin yana jiran ƙanensa. Sunayen 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi da Barau, shaida ce ta yadda iyaye suka daɗe suna neman dabarar tsare 'ya'yansu daga abin da ba su san kansa ba.

Abin da Likitoci Suka Gano

A wani taro da aka yi a Amurka a 1969 ne likitoci suka ba wannan mutuwa suna, wanda za a iya cewa da Hausa mutuwar fuju'a ta jarirai. Ana nufin jaririn da bai cika shekara ba ya rasu cikin barci, a bincika gawarsa da wurin da ya kwanta a rasa dalili. Ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa wata 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata yana faruwa kafin wata 6. Akwai kuma 'yar'uwarta wadda dalilinta a bayyane yake, watau toshewar numfashi, ko dai jikin babba ya rufe fuskar yaro, ko matashi, ko ya faɗa tsakanin katifa da bango ya maƙale.

Dukansu biyu suna da tushe ɗaya a halittar jariri. Kansa yana da nauyi, wuyansa ba ƙarfi, hanyar iskarsa kuwa siririya ce. Idan fuskarsa ta nutse cikin abu mai laushi ba ya iya ɗaga kai ya kauce, sai ya yi ta shaƙar iskar da ya riga ya fitar. Babba idan haka ta same shi ƙwaƙwalwarsa takan tashe shi nan take. A wasu jarirai wannan sashe na ƙwaƙwalwa bai gama nuna ba, saboda haka sai su zarce da barci. Duk abin da ke ƙara wa barcin jariri nauyi, kamar zafin jiki da hayaƙin taba da kwanciya rubda ciki, yana ƙara wa wannan rauni ƙarfi.

Babban abin da aka gano shi ne batun rubda ciki. Binciken Farfesa Peter Fleming a Biristol ta Ingila, da na wasu masana a Niyu Zilan da Ostireliya, ya nuna cewa jaririn da aka kwantar rubda ciki ya fi wanda aka kwantar rigingine shiga haɗari ninki da yawa. Ingila ta fara yaƙin wayar da kai a 1991, Amurka ta bi a 1994, kuma a ƙasashen biyu wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ba a ba kowa magani ba, ba a gina asibiti ba, juya yaro kurum aka yi. A nan ne tsofaffin mata sukan ja da baya, su ce ai yaron da ke rigingine zai ƙware da tumbuɗi. Tsoron yana da hujja ga ido, amma tsarin maƙogwaro ya saɓa masa. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. Idan yaro yana rigingine, hanyar iskar ce a sama, nonon da ya dawo sai ya kwanta a ƙasa ya haɗiye shi. Idan yana rubda ciki kuwa, tumbuɗin yakan taru a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe ma ba ta da tabbas, don yaron yakan mirgina ya koma rubda ciki.

Game da gado ɗaya da iyaye kuwa, likitocin kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawararta ta 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa aƙalla wata 6, amma a shimfiɗarsa ta daban, kuma ba ta yarda da haɗa gado ba ko ta wane hali. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta ɗauki wata hanya a 2021. Ta lura cewa iyaye da yawa za su kwana da 'ya'yansu ko an hana, don haka ta ce a koya musu yadda za su yi, a kuma gargaɗe su da ƙarfi a kan halayen da haɗarin ya tsananta, watau idan ɗayansu yana shan taba, ko ya sha giya ko maganin da ke sa barci, ko an haifi yaron da ƙarancin nauyi. Ga mutumin Mashi hanya ta biyu ita ce mai amfani. Umurnin da aka san ba za a bi ba bai tsare ran kowa ba, kuma akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa raba uwa da ɗanta da dare yana da nasa hasarar a wannan ƙasa.

Dalili na farko nono ne. Binciken Farfesa James McKenna a Amurka da na Farfesa Helen Ball a Jami'ar Daram ta Ingila, waɗanda suka ɗauki hoton iyaye mata da jariransu cikin barci, ya nuna cewa mai shayarwa takan kwanta a gefe ta fuskanci ɗanta, hannunta a saman kansa, gwiwoyinta a ƙarƙashin ƙafafunsa, ta zama kamar baka ta kewaye shi. A wannan kwanciya da wuya ta mirgina kansa, yaron kuma yana daidai ƙirjinta nesa da matashi. Barcinsu duka biyu yakan yi sauƙi, yaron ya sha nono sau da yawa, kuma shayarwa ita kanta tana rage haɗarin mutuwar fuju'a. Bahaushiya ba ta bukatar a koya mata wannan kwanciya, da ita ta tashi. A wurin da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara a 2022 ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka auna a Mashi suna fama da ƙarancin abinci mai gina jiki, duk shawarar da za ta rage wa jariri nonon dare sai an yi mata kallon tsanaki.

Ɗakin da Ake Magana a Kansa

Idan Bature ya ce gadon iyaye, yana nufin miji da mata a katifa ɗaya da jariri tsakaninsu. A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya maigida yana turakarsa, mai jego tana ɗakinta, sau da yawa ma tana gidan iyayenta wajen wanka idan haihuwar fari ce. Wadda ke kwana da ita har a yi arba'in tsohuwa ce, kaka ko gwaggo ko inna. Wannan tsari ya kawar da haɗari guda ba tare da an yi niyya ba, domin a nan maza ne suka fi shan taba, kuma uba ba ya da irin saurin farkawar mai shayarwa. Amma ya bar wani a buɗe. Tsohuwar da ta yini tana dafa ruwan wanka, idan ta karɓi jaririn don uwar ta huta, ta kwantar da shi a jikinta, to ba mai shayarwa ba ce, barcinta kuma na gajiya ne. Haka nan yayye. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da aka yaye, ya dawo gadon uwarsa, yana juyi yana harbi cikin barci, bai san akwai wani a gefensa ba. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: jariri ya kwanta a gefen uwarsa kaɗai, jikinta ya shiga tsakaninsa da kowa.

Ma'aikacin da ke haya a ɗaki da falo, a Mashi ko Katsina ko Daura, shi ya fi kusa da halin da Turawa suka yi bincike a kansa, tun da ba shi da turaka. Idan yana shan taba, fita waje ya sha bai wanke shi ba, domin abin yana nan a numfashinsa da tufafinsa. Wanda ke wannan hali, ko dai ya bari, ko ya ɗauki tabarmarsa zuwa falo har yaro ya yi ƙwari.

Abin da ya fi komai canjawa a ɗakin Bahaushiya shi ne gadon kansa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Kakannin mutanen yanzu sun kwanta a tabarmar kaba, ko gadon kara, ko gadon ƙasa. Duk abin da za a faɗa a kan waɗannan, suna da tauri, ba sa lotsawa, fuskar jariri ba ta da inda za ta nutse. Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo da katifar rimi, wadda takan yi rami a tsakiya idan ta kwana biyu. Yanzu kuwa kayan ɗakin amarya ba su cika ba sai da gadon katako da katifar soso mai kauri, da matasan kai huɗu ko shida, da lallausan bargo, da kujerun kushin. Iyayen amarya sukan ci bashi don a ga wannan, alhali kuwa kusan kowane ɗaya daga ciki abin da likitoci suka lissafa ne cikin masu toshe numfashin jariri. Katifar soso mai araha idan ta tsufa takan lotsa inda babba ya kwanta, sai yaron ya gangaro ya manne da jikinsa. Gwajinta mai sauƙi ne, a danna ta da tafin hannu, idan ta yi rami ko ta daɗe ba ta dawo ba, ba ta dace da jariri ba. Gadon da aka jingina da bango yakan bar 'yar kafa tsakaninsa da katifa, kuma nan ne mata suka fi son ajiye yaro don kada ya faɗo. Gara a sauke katifar ƙasa, nesa da bango, da a tare shi da matashi. Kujerar kushin ta fi duka muni. Uwar da ta tashi daga gado don tsoron danne ɗanta, ta koma kujera tana ba shi nono barci ya kwashe ta, ta gudu ne daga ƙaramin haɗari ta faɗa babba, domin bincike ya nuna haɗarin barci da jariri a kujera ya ninka na shimfiɗa mai tauri sau gommai. Abin mamaki ne, amma gaskiya ce, cewa ta wannan fuska matar ƙauye mai tabarma ta fi matar babban ma'aikaci kwanciyar hankali.

Sai ƙananan abubuwa da ido ya saba da su har ba ya ganinsu: ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari wadda ke iya naɗowa ta rufe hanci, da zaren layar da aka rataya a wuya, da mayafin uwa da aka ja har ya rufe kan yaro.

Idan sababbin kaya sun kawo laushi, tsohuwar al'ada kuma tana da nata, watau zafi. Bahaushe ya ɗauki sanyi a matsayin babban abokin gaban mai jego, shi ya sa ake wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa, a wasu wurare har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a shekarun 1970 a kan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta shi da wannan zafi da kanwa, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Wannan batun uwa ne. Abin da ya shafi jariri shi ne, zafin da babba ke jurewa shi ba ya iya jure shi. Gaskiya ne sanyi yana kashe sabon haihuwa, musamman da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar arewa ke busowa, kuma ɗumin jikin uwa shi ne maganinsa mafi kyau. Amma yaron da aka sa wa riga biyu da hular sanyi, aka naɗe da tawul, aka rufe da bargo, sa'an nan aka manna shi da jikin uwa a ɗakin da ke da kaskon wuta, ya wuce ɗumi ya shiga wahala. Ta kai ne jariri yake fitar da yawancin zafin da ya yi masa yawa, don haka lafiyayyen yaro da ya wuce kwanakin farko ba ya bukatar hula cikin barci a jikin uwarsa. Ba a auna shi da tafin hannu ko ƙafa, waɗannan kullum da ɗan sanyi suke. A taɓa ƙirji ko bayan wuya, idan akwai gumi a rage tufa. Kaskon garwashi kuwa a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda janareto ke fitarwa, kuma mai ƙaramin jiki ita take fara kayarwa. A ɗumama ɗaki tun da magariba, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Da damina kuma sauro ne ke ba da dalili na biyu na kwana tare. Mashi tana cikin ƙananan hukumomin Jihar Katsina da aka fara gwada rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, tun 2013. Wannan magani ana ba yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ke nan ɗan wata ɗaya ko biyu ba ya cikin rabon, gidan sauro ne garkuwarsa, kuma a gidajen da gidan sauron ɗaya ne, raba masa shimfiɗa yana nufin fitar da shi fili. Abin kiyayewa kurum shi ne a ɗaure gidan sauron ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, kada ya yi lanƙwasa ya sauko kan fuskar yaro.

Akwai daren da bai kamata uwa ta kwana shimfiɗa ɗaya da ɗanta ba ko da komai na ɗakin daidai yake. Giya ba ta cikin al'adar yawancin gidajen wannan yanki, amma akwai abin da ke yin aikinta. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda yadda shansa ya yaɗu, har a tsakanin matan aure. Ban da shi, akwai magungunan mura da na ƙaiƙayi da na barci da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, waɗanda mai shan su ba ta yi laifin komai ba, amma suna kashe saurin farkawar nan da tsaron yaron ya dogara a kai. Haka zazzaɓi mai zafi, haka gajiyar da ta wuce misali. A irin wannan dare sai a shimfiɗa wa yaro zane a tabarma dab da ita, inda hannunta zai kai.

Saura bakwaini da yaron da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba. Waɗannan duk likitoci sun haɗu a kan cewa haɗa shimfiɗa da su cikin barci yana da haɗari ƙwarai, alhali su ne suka fi bukatar ɗumin uwa. A asibiti akan ɗaure irin wannan yaro a ƙirjin uwarsa fata da fata tana jingine, hanyar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, amma wannan abu ne da ma'aikatan lafiya ke koyarwa su kuma sa ido. Matsalar ita ce, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar asibiti a Arewa maso Yamma ba ta kai ɗaya cikin biyar ba, saboda haka yawancin jarirai ba a taɓa ɗora su a sikeli ba. Kai yaro a auna shi tun kafin suna, lokacin da za a yi masa allurar farko, shi ne zai nuna wa iyaye rukunin da ɗansu yake.

Mutanen Mawori na Niyu Zilan sun taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya. Suna kwana da 'ya'yansu bisa al'ada, mutuwar fuju'a ta yi musu yawa, gargaɗin hukuma kuma bai shige su ba. Wajen 2006 wani likita daga cikinsu, David Tipene-Leach, ya haɗa kai da masaƙan gargajiya suka fito da wani ɗan kwando mai faɗi, mai gajeren baki da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda suke kira wahakura. Ana ajiye shi a kan gadon iyaye, yaron yana ciki rigingine, uwa tana jin numfashinsa tana ɗauko shi ta ba shi nono, amma jikin babba da bargonsa ba sa kai masa. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna bai fi gadon jarirai na kanti haɗari ba. Ƙasar Mashi da Daura ƙasar goruba ce, masu saƙar kaba da ke yin tabarma da lefe da faifai suna nan a kowace kasuwa. Abin da ya rage aiki ne na ma'aikatan lafiya da jami'o'in jihar, su zauna da waɗannan masaƙa a daidaita tsawon kwandon da zurfinsa da ƙarfin bakinsa, a gwada shi a gidaje, a ga ko zai shiga ƙarƙashin gidan sauro ɗaya da uwa, a kuma ga ko tsofaffin da ke zaman jego za su yarda a sa jikansu a ciki.